Pontiac Vibe ta 2003 zuwa 2008: abin da mai saye zai duba, da yadda za ta daɗe a hannunsa

Duk wanda ke bin titunan Kano, Kaduna, Zariya ko Katsina ya san Vibe. Malamin makaranta na hawanta, ɗan kasuwa na loda mata kaya, direbobin haya na cika ta da fasinja. Mafi ƙuruciya a cikin wannan zubin ta haura shekara goma sha biyar, kuma da wuya ka samu wadda ba ta ci kilomita 250,000 ba. Duk da haka, ga mai ƙaramin ƙarfi da ke neman motar da za ta kai shi ta dawo da shi, tana cikin 'yan kaɗan da za a iya nuna masa da zuciya ɗaya. Amma fa da sharaɗi, domin a kasuwa yanzu gajiyayyu sun fi lafiyayyu yawa, kuma fenti ɗaya ake shafa musu.

Sunan Pontiac ne a goshinta, amma cikinta na Toyota ne. An ƙera ta a masana'antar NUMMI da ke garin Fremont a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda General Motors (GM) da Toyota suka yi tarayya a kanta. Inji, giya, burki da ƙafafu duk irin na Toyota Matrix ne, ita kuma Matrix a kan ginshiƙin Corolla aka ɗora ta. Shi ya sa ko da GM ta rufe Pontiac a 2010, masu Vibe ba su shiga uku ba. Abin da ya shafi inji, idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce na Corolla mai injin 1ZZ kake nema, za a miƙo maka. Inda ake shan wahala shi ne kayan jiki: fitilun gaba da na baya, bamba, bonet da ƙofar but ba sa shiga da na Matrix, sai nata na kanta, kuma sun fi na Corolla tsada da wuyar samu. Haka rediyo da kwamfuresan esi, na ɓangaren GM ne. Saboda haka Vibe mai fasasshiyar fitila da lotsattsen gefe ba araha ba ce kamar yadda dillali zai nuna maka.

Iri uku aka yi, kuma ɗaya kaɗai ya dace da mai lissafin aljihu. Akwai ta gama-gari mai ja da tayoyin gaba, da injin 1ZZ-FE mai lita 1.8. Ita ce abin saye. Akwai mai ja da taya huɗu, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2006: ta fi nauyi, ƙarfin injinta ya ɗan gaza, tankinta lita 45 ne maimakon 50, ta fi shan mai, kuma tana da dogon shaf da ƙarin kayan juya tayoyin baya da idan suka lalace sai an sha nema. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo an riga an cire musu dogon shaf ɗin, sai ka biya kuɗin taya huɗu ka tafi da nauyin banza. Sai GT mai injin 2ZZ-GE da giyar hannu shida. Tana da gudu, amma injinta na son fetur mai daraja sama da wanda ake samu a yawancin gidajen mai, kuma idan ya buga, samun wani aiki ne. A bar wa masu sha'awa.

A cikin ta gama-garin ma, 'yar 2005 zuwa 2008 mai otomatik ta fi. Giyar hannu ta 2003 da 2004 an san ta da cin boris na ciki. Alamarsa gurnani da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan ka ɗaga ƙafa daga totur.

Ranar duba mota, ka fara da lambar shasi kafin ka kalli fenti. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma dole su zama ɗaya da wadda ke takardun mota. Haruffa da lambobi 17 ne. Ta Vibe tana farawa da 5Y2. Na takwas yana faɗin inji: 8 na nufin 1ZZ, L na nufin injin GT. Na goma shi ne shekara: 3 ita ce 2003, 5 ita ce 2005, haka har 8. Wannan na goman ya fi komai amfani, don a 2005 aka sauya fuskar motar, kuma abu ne mai sauƙi a ɗaura wa 'yar 2003 bamba da ragar gaba na 2006 a sayar da ita a farashin ƙanwarta. Akwai shaida ta biyu a ƙarƙashin bonet: 'yar 2003 da 2004 totur ɗinta na waya ne, za ka ga kebul ya zo ya naɗe a bakin inda iska ke shiga inji. Daga 2005, a mai jan gaba, na lantarki ne, babu kebul sai soket.

Da lambar shasin za ka iya sayen rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax, kuma sau da yawa idan ka rubuta ta a Google hotunan motar a filin gwanjon Copart ko IAA za su fito, ka ga yadda take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka daga irin wannan gwanjon suke, kuma ba kowace ce abin gudu ba. Wadda aka daka a baya ko a gefe, aka gyara da kyau, za ta yi aiki. Wadda ruwa ya ci ita ce ba a saye ko nawa aka rage. Ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka shinshina, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka, leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa. Wayoyin motar da ta sha ruwa ba sa mutuwa rana ɗaya, bi da bi suke yi, yau gilashi gobe fanka.

Mita kuwa, kada ka ba ta gaskiya. Na farko, motar Amurka da mil take ƙirga, ta Kanada da kilomita. Mil 200,000 ya kai kusan kilomita 322,000. Na biyu, mayar da mita baya aikin minti kaɗan ne ga mai wayarin. Na uku, mitar wannan zubin, har da Corolla da Matrix na shekarun, tana tsayawa cak idan ta kai 299,999, ba ta ƙara ko ɗaya. Idan ka ga wannan lambar, to motar ta wuce nan, Allah kaɗai ya san da nawa. Robar fedar burki, gogewar sitiyari da lotsewar kujerar direba sun fi mita faɗin gaskiya.

Ka nemi a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe ka taɓa inji da hannunka ka ji shi da sanyi. Dillalin da ka tarar ya riga ya ɗumama mota, ka tambayi dalili. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga fitilun dashbod: ta cek mai nuna laifin inji, ta baƙin mai, ta batir, ta jakar iska, da ta ABS idan motar na da shi, don ba kowace Vibe ke da shi ba. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ne ko an toshe ta. Ta jakar iska ya kamata ta kama, ta yi daƙiƙa shida ko makamancin haka, ta mutu ita kaɗai. Idan ta mutu daidai lokacin da ta baƙin mai ta mutu, to haɗa su aka yi don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. Sannan a sa mata kwamfuta a karanta kod, wato lambobin laifin da motar ta adana, kuma kada ka tsaya a kan “babu kod”. Ka ce a buɗe shafin da ke nuna ko ƙwaƙwalwar mota ta gama gwaje-gwajenta. Idan yawancinsu ba su kammala ba, an goge laifuffukan ne kwanan nan, za su dawo bayan ka yi tafiyar kwana biyu.

Babban abin da ake tsoro a injin 1ZZ shi ne shan baƙin mai. Dalilinsa sananne ne. A bayan ringin da ke share mai a jikin fistin akwai 'yan ramuka da man ke bi ya koma ƙasa. A tsofaffin injinan ramukan ƙanana ne kuma kaɗan, idan aka yi jinkirin juye sai su toshe da gawayi, ringin ya maƙale, man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa. Abin ya fi muni a injinan kafin 2003, kuma Toyota ta ci gaba da gyara fistin ɗin har wajen 2005, wanda shi ne wani dalilin fifita shekarun baya. Ba koyaushe ake ganin hayaƙi ba, don indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinsa, na cinye shi. Sa yatsa a bakin salansa: baƙin toka busasshe ba komai, mai maiƙo shi ne magana. A kwance fulogi huɗun a duba ko akwai mai jiƙe ko mai farin ɓawo. Tunda an kwance su, a gwada matsin silinda: kada ko ɗaya ya gaza 145 psi, kuma kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15. Buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da tocila. Ƙarfe mai ruwan zuma alama ce ta motar da aka kula da ita, baƙin kwalta kuwa ka san abin da ka tarar.

Idan motar tana hannunka kuma tana shan mai, auna ta tukuna kafin a sauke inji. Cika zuwa layin sama, ka duba bayan kilomita 1,000. Rabin lita ana zama da shi shekaru, in dai kana duba sandar auna mai duk sati kana ƙarawa. Idan ta kai lita guda, aiki ya zo. A nan ne bakanike da yawa ke yin rabin aiki: su sa sabon ringi a kan tsohon fistin ba tare da sun buɗe ramukan nan ba, bayan wata shida shan mai ya dawo. Ko dai a wanke ramukan a ƙara huda su, ko a sa fistin na sabon zubi, a kuma canja robobin bawul a lokaci guda.

Ba duk raguwar mai ba ce ƙonewa. Wannan injin da sarƙa yake aiki, ba bel ba, kuma sarƙar kan yi rayuwar injin idan mai na da tsabta. Amma abin da ke ɗaure ta, wanda ke bayan inji ta gefen fasinja da noti biyu, yana da wata 'yar roba zagayayya da ke bushewa ta riƙa yoyo. Man sai ya gangara ya jiƙa bayan inji gaba ɗaya, a ce maka sai an buɗe murfin sarƙa. Roba ce ta kuɗi kaɗan, aikin awa guda. Wanda zai yi ya san yadda ake maƙale shi da ƙugiyarsa kafin a mayar, sannan a juya inji da hannu har ya saki. Gaskit na murfin sama shi ma yana yoyo, har mai ya taru a ramin fulogi ya kashe kwayil.

Kod P0171 kusan kowace tsohuwar Vibe sai ta nuna shi, ma'anarsa iska ta fi mai yawa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan famfon mai ko nozul, a kashe kuɗi a banza. Wuri biyu ake fara dubawa. Na'urar auna iska da ke bayan akwatin filta, mai sukurori biyu: a fesa mata abin wanke ta na musamman, kada a taɓa siraran wayoyinta da hannu ko tsumma, kada a wanke ta da fetur. Sai gaskit ɗin bututun iska da ke manne da kan inji, wanda ke ƙanƙancewa da tsufa. Alamarsa inji na rawa da sanyin safiya, ya daidaita idan ya yi ɗumi. Sabon zubinsa ruwan lemo ne, shi za ka nema.

'Yan 2005 zuwa 2008 suna da nasu ciwon. A watan Agustan 2010 Toyota ta kira Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya a dawo da su don gyara, GM ma ta kira Vibe, saboda tsagewa a allon ƙwaƙwalwar mota. Alamominsa: giya na shiga da duka, mota na mutuwa a kan tafiya, ko ta ƙi tashi, da kod irin su P0606, P0607 ko P2716. An sauke giya lafiyayya ba adadi saboda wannan. Kafin ka yarda a ce giyarka ta mutu, a jarraba wata ƙwaƙwalwar mai lamba iri ɗaya; tana ƙasan akwatin ajiya na gaban fasinja. A shafin hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗurra a hanyoyin Amurka za ka sa lambar shasi kyauta ka ga ko akwai kiran da ba a yi wa motar ba. Ka duba batun jakar iska ƙirar kamfanin Takata ta gefen fasinja a wurin, domin wannan ba maganar kuɗi ba ce. Zafi da laima na lalata sinadarin da ke hura jakar, idan ta tashi sai ta watso ɓaraguzan ƙarfe a fuskar wanda ke zaune, kuma an yi asarar rayuka ta haka a ƙasashe da dama.

Abin da ya fi kashe Vibe a ƙasar nan ba yawan tafiya ba ne, zafi ne, kuma yawanci da hannunmu muke jawo shi. Mota na sauka, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Wannan kuskure ne babba. Tamostat ɗinta na fara buɗewa a digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da aka tsara masa da wuri, ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, musamman da safiyar hunturu ko a doguwar hanya, inji ba ya kai wannan zafin, ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu ɗumi ake yi, sai ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya sauka ya tsinka baƙin mai, ringi ya ci da wuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ɓarnar a aljihu ake jin ta kowace rana. Lafiyayyar Vibe na yin kilomita 11 zuwa 13 a lita ɗaya idan an haɗa gari da hanya. Wadda ke yin 8, tamostat da na'urar da ke auna iska a hayaƙin salansa ake fara tambaya. Fankar da ke juyawa ba hutu kuma motarta ƙonewa take yi, ta mutu rana tsaka a cunkoso ba tare da ka sani ba.

Motar da ke zafi, akwai abin da ya lalace, a nemo shi. Kan lagireto na roba ne, idan ya tsufa yana komawa ruwan ƙasa ya tsage a gefe; ba a like shi da gam, canja shi ake yi. Murfin lagireto da robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, ruwa ya tafasa da wuri. Famfon ruwa na fara yoyo ta ɗan ramin ƙasansa, za ka ga busasshen farin ko jan gishiri a wurin. Ƙura da ƙwari na toshe tsakanin lagireto da ragar esi, a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Ruwan rijiya ko na leda kuwa, shi ke cin injin daga ciki. Bulo da kan injin na alminiyam ne, ruwan da ba shi da magani yana tara ƙanzo a siraran hanyoyin lagireto, ya ci fuka-fukan famfo. Cikinta na ɗaukar kusan lita 6.5, a zuba ja ko ruwan hoda na Toyota, idan mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Wajen mayar da tamostat, ɗan bawul ɗin da ke gefensa ya kalli sama, don iska ta samu hanyar fita. Idan allura ta taɓa haurawa ja, ka tsaya nan take ka kashe. Kilomita biyu na “bari in ƙarasa gida” sun isa su lanƙwasa kan injin. Alamar wanda aka riga aka yi wa haka: kumfa na tasowa a bakin lagireto idan inji na aiki, babban tiyo ya yi tauri da sassafe, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Irin wannan, ka bar wa mai ita kayarsa.

Baƙin mai, abin da ke rubuce a murfi shi ne 5W-30, lita 3.7 zuwa 4.2 da filta gwargwadon shekara, sanda ce za ta raba gardama. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota ta samo asali ne daga zamanin Fijo 504. Wannan injin yana sarrafa lokacin buɗe bawul da matsin mai, ta siraran hanyoyi da wata 'yar raga da ke gefen kan inji. Mai kauri na jinkirin isa wurin da safe, datti kuma na toshe ragar, sai ƙarar sarƙa da kod P1349 ko P0012. Ga injin da ya gaji yana ɗan sha, a zafin Sakkwato ko Maiduguri, 10W-40 sassauci ne da za a iya karɓa. A yi juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Filtar Toyota lambarta 90915-YZZF2, fulogi kuma Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, amma jabunsu sun cika kasuwa, har kwalin ma ana kwaikwaya. Fulogin iridiyam da aka ba ka a kuɗin na gama-gari, jabu ne. Araha ba ta ado. Gara man da ba shi da suna sosai daga babban dila da mai suna daga teburin bakin titi. Filtar iska a lokacin ƙura a duba ta duk wata, a canja idan ta toshe, hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar. Kada ka saba tafiya da fitilar mai a kunne, domin famfon na cikin tanki ne, fetur ɗin ke sanyaya shi, kuma man 'yan bumburutu a galan shi ke kawo yashi da ruwa.

Giyar otomatik mai hawa huɗu tsohon yayi ce, amma tana da jimiri. Ana duba manta bayan an yi tafiya, inji na aiki, a kan P. Ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙi mai warin ƙuna kuwa kada ka saya. Daga P zuwa D ko R ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Man da take sha T-IV ne, an rubuta a jikin sandar, ba kowane jan mai ba. Wadda aka daɗe ba a canja mata ba, kada a sa mata injin wanke giya. A kwance notin ƙasa, kusan lita uku za su fito, a mayar da daidai abin da ya fita, a yi tafiyar sati biyu a maimaita, sau biyu ko uku.

Ƙafafunta masu sauƙi ne kuma kayansu na ko'ina. Ƙwanƙwasa a kan gargada yawanci 'yan sandunan da ke riƙe ƙarfen daidaito ne ko bushin, ba shokozoba ba. Ƙas-ƙas wajen juya kan mota shaf ne, kuma yana farawa daga robar da ta yage aka ƙyale. Rawar sitiyari a tsaye a kan D kujerar inji ce, musamman ta gefen fasinja. Kik da ke yin “ƙyat” ba ya juyawa, 'yan tagullan cikinsa ne suka cinye, ana canja su ba sai an sayi wani ba. Ƙaf-ƙaf a bayan akwatin gaban fasinja idan ka kunna mota, ɗan injin da ke buɗe ƙofar iskar esi ne haƙorinsa ya karye, yana da ban haushi amma ba ya hana tafiya. Wanda ba ya gyaruwa shi ne tsatsa. Motar da ta zauna a Mishigan, Ohayo ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sai an shiga ƙarƙashinta a rami an ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da inji da na tayoyin baya, an bi bututun burki da ido. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Kana ƙasan, ka duba tukunyar indomi ko an yanka an sake walda, don ana farke ta a sayar da cikin.

A kan hanya ba motar jin daɗi ba ce. Tana da ƙara a babban titi, cikinta roba ce mai tauri, kuma da mutum biyar da esi a kunne sai ka yi lissafi kafin ka wuce tirela. Abin da take da shi shi ne fili: kujerun baya na kwanciya su yi daidai da but, ta gaban fasinja ma na ninkewa, gilashin baya na buɗewa shi kaɗai, kuma shimfiɗar but ɗin roba ce da ake gogewa da tsumma. Wannan filin ke ruɗin mutane su yi mata lodin a-kori-kura, alhali abin da aka rubuta mata, mutane da kaya, bai kai kilo 400 ba. Sifirin na baya da boris ɗin taya su ke biya. Tayarta 205/55 R16 ce, iska 32 psi. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya sati da shekarar ƙira ne, 2319 na nufin sati na 23 a 2019.

Takardu kuma a bi su da natsuwa. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce sabuwar shigowa, a tantance takardar kwastam ɗinta a ofishinsu kafin kuɗi su fita. Ta hannu kuwa, ka ga mai ita ido da ido, sunan da ke takardar mallaka ya dace da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a ciniki da la'ada. Ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don makon farko: juye da filta, tamostat da ruwan lagireto, mayar da fanka kan tsarinta, man giya, man burki DOT 3, fambel, sai tayoyi idan sun tsufa.

Idan inji ya kai ƙarshe, sayen na Beljiyam yakan fi sake gina wanda ya buga, domin hannun silindar 1ZZ siriri ne, ba ya son a rarake shi. A wurin saye a buɗe murfin sama ka ga cikinsa, a juya shi da hannu ka ji matsi a silinda huɗun, a rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Ka karanta lambar da aka buga a jikin bulo kusa da inda giya ke haɗuwa, saboda injinan Corolla na Turai, 3ZZ mai lita 1.6 da 4ZZ mai 1.4, kamarsu ɗaya da 1ZZ a ido, kuma ana sayar da su a madadinsa. Idan totur ɗin sabon bai dace da na motarka ba, a mayar masa da bututun iska da wayoyin tsohon injinka, kada a yanka waya ko ɗaya. Kafin a tayar da shi a sa sabon tamostat da famfon ruwa, a kuma wanke ko a canja lagireton da ya kashe na farkon.